Kujeru Ukun Baba

Hannatu, da kika zo Kirsimetin bara na ji ki da kunnena kina ce wa ƙanenki a kwashe tsofaffin kujerun nan uku na falo a ba mai tuyar ƙosai ta hura wuta da su. Ban tanka ba, don a ranar kin kawo mini atamfa, ban so in karɓi kaya in biya da faɗa ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ita da wata da kuka daɗe kuna yi ku ukun, wai kakanku mutum ne mai taurin kai wanda ya tsani kiɗa, ni kuma jaruma ce da na ci shi da yaƙi. Ban san wanda ya ba ku wannan labari ba, ina dai zargin babanku, Allah ya ji ƙansa, don shi ko labarin zuwa kasuwa sai ya sa masa gishiri. To ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi da ita.

Kun san piyano da celo duk na gaje su ne daga Baturiyar da ta koya mini kiɗa a makarantar 'yan mata ta mishan. Da za ta koma ƙasarsu ta ce nauyinsu ya fi ƙarfin jirgi, ta bar mini. Shekara guda bayan tashin hankalin da aka yi a garin nan, lokacin da kowa ke ɗari-ɗari da kowace irin hayaniya, reluwe ta tura babanku wata ƙaramar tasha can cikin daji inda babu gidan iyali. Sai na tattara ku muka dawo gidan Baba a Kafanchan. Baba tsohon kafinta ne na reluwe, dattijo a ikkilisiya, kuma surukina, wato mutumin da ba na iya kiran sunansa ko haɗa ido da shi. Da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Duk maganar da zai yi mini sai ta bi ta bakin Mama, kakarku, tawa ma haka. Piyano bai dame shi ba, ya ce ɗan'uwan ogan ne, abin kiɗan majami'a, shi da kansa ya sa masa 'yan katakai a ƙafa don kada damshi ya taɓa shi. Amma da na buɗe baƙin akwatin celo, sai ya duba sau ɗaya ya fita. Can sai ga Mama.

"Baban ku ya ce wannan goge ne."

"Mama, ba goge ba ne. Celo sunansa, kayan kiɗan Turawa ne."

"Yana da tsirkiya?"

"Yana da ita, har huɗu."

"Da izgan doki ake goga shi? Ana shafa masa ƙaro?"

Na ce haka ne.

"To ai goge ne ya ci ya ƙoshi," in ji Mama. "Baban ku ya ce ba a gidansa ba."

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan kalma ba. A wancan lokaci, a wurin mutanenmu na ikkilisiya, goge kiɗan gidan giya ne da na bori, wanda in an goga shi mata ke faɗuwa suna birgima. Na tura akwatin ƙarƙashin gado, raina a ɓace, na ce ba komai, piyano ma ya ishe ni.

Kuma ya ishe ni ɗin. Kafin damina ta yi nisa falon Baba ya zama makaranta. Yara na zuwa bayan an tashi daga boko, malamai da 'yan kwaya, mawaƙan majami'a, da yamma. A nan na gane cewa koyar da yaro daban, koyar da babba daban. Yaro ba ya tsoron kuskure, zai danna haƙorin piyanon da ba shi ba ya yi dariya ya ci gaba, matsalarsa ɗaya, ba ya iya zama. Babba kuwa zai zauna kamar an dasa shi, amma duk kuskure ɗaya sai ya janye hannu ya ce mini "sori, Madam," har in gaji in ce masa ni ba ƙafata ya taka ba. Tsofaffi su ne ƙarshen zance, don su gardama suke yi. Babbar cikinsu ita ce Sista Asabe, nas ce da ta yi ritaya, ta haura sittin, rabin garin nan a hannunta aka haife su. In na ce mata wannan sautin "fa" ne ba "mi" ba, sai ta sauke tabarau ta ce a kunnenta "mi" ya fi daɗi. Ina sonta, amma ta sha sa ni ciwon kai.

A cikin yaran akwai Na'omi, 'yar shekara goma sha biyu, uwarta gwauruwa ce mai injin markaɗe a kasuwa. Ban taɓa koyar da mai kunne irin nata ba, sau ɗaya za ta ji waƙa ta nemo ta a kan piyano. Wata Asabar tana taya uwarta aiki, bel ɗin injin ya kama hannunta na dama, ya cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Da ciwon ya warke ba ta dawo aji ba. Sai dai in ina koyar da wasu in hango ta a bakin taga, hannun a ɓoye cikin zane. Na kira ta na ce ta gwada, ta gwada, inda yatsa biyar ke gudu uku suka kasa, ta tashi ta fita ba ko sallama. Wallahi abin ya ci mini rai, na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi. Ina shara a ɗaki wata safiya tsintsiya ta bugi akwatin nan na ƙarƙashin gado, sai na tsaya cak. A celo hannun hagu ne ke yawo a kan tsirkiya, na Na'omi kuwa lafiyarsa ƙalau. Na dama bakan goga tsirkiya kawai yake riƙewa, kuma da babban yatsa da biyun da suka rage mata za a iya.

Na bi hanyar da ta dace, kada ku ce ban bi ba. Na sami Mama a tsakar gida tana tsaga citta, na zauna na taya ta, na roƙe ta ta kai wa Baba maganar. Ta je ta dawo, amsa ɗaya ce, ba a gidansa ba. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta ajiye wuƙa.

"Maman Ishaku, yarinyan nan ya ba ni tausayi ni ma. Amma bari in gaya miki. Kafin mijinki Yakubu na haifi wani, Dauda. Lokacin baban ku bai tuba ba, kullum an tashi aiki yana gidan goge a bayan tasha. Ranan da zazzaɓi ya sa yaron jijjiga, na aika a nemo shi, aka same shi yana rawa. Kafin ya iso yaron ya tafi. Tun ranan, ko a rediyo ya ji goge sai ya fita."

Babanku Yakubu ma bai taɓa gaya mini yana da wa ba. Na gane ruwa ba ya tsami banza, tausayin tsohon ya kama ni. Amma Dauda ya riga ya tafi, Na'omi kuwa tana nan a bakin taga. Sai na yi wayon da na ɗauka wayo ne. Baba ya ce ba a gidansa ba, to ai gidan Sista Asabe ba gidansa ba ne. Na yi mata maganar, ta ce in kawo, da sharaɗin ita ma za a koya mata, don ba za a yi abu a falonta tana kallo ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanya. Na ɗora baƙin akwatin nan a kai, dogo, mai faɗi a ƙasa, na bi ta gefen layin dogo. Mutum na farko da na gamu da shi ya cire hula. Wata mata mai tallan gyaɗa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, sannu da haƙuri, na wane gida ne?" Kafin in kai gidan Sista mata uku na bina a baya, ɗaya har ta fara kuka, suna mamakin yadda aka bar mace ita kaɗai da akwatin gawa. Dole na sauke na buɗe don su kwantar da hankali. Suka leƙa, mai kukan ta share hawaye ta ce, "Au, goge ne!" Da na sani da na bar su da gawarsu.

Duk da haka muka fara. Na'omi ta sha wuya, bakan na suɓuce mata, na naɗa masa tsumma don ya yi kauri, muka yi ta jan tsirkiya ɗaya har hannun ya saba. Sista kuwa kafaɗarta ta ƙi sauka, tana riƙe baka kamar za ta yi wa celo allura. Amma zancen duniya ba ya ɓuya. Labari ya zaga cewa matar Yakubu na koya wa 'ya'yan mutane goge, har an ce an ga mace ta faɗi a gidan Sista. Wasu kuma abin da ya dame su zaman ne, wai mace ta raba gwiwa ta rungumi abu, alhali ni da kaina na ɗinka mana manyan siket har ƙasa. Iyaye suka fara janye yaransu daga piyano ɗaya bayan ɗaya, falon Baba ya yi tsit. Da kaka ta yi, Fasto ya aiko cewa dattawa na nemana. Kun san abin da wannan ke nufi. In aka sa ni horo, bencin baya zan koma, ba cin jibin Ubangiji, ba taɓa ogan ranar Lahadi, kuma babu uban da zai sake turo mini ɗansa. Aikina ya ƙare ke nan, na Na'omi ma haka. Babanku ya zo hutun ƙarshen mako, na zaci zai tsaya mini, sai ya sosa ƙeya ya ce in bi Baba a hankali, ya hau jirginsa ya koma. Na ji haushinsa ƙwarai, ko rakiya ban yi masa ba.

Baba yana cikin dattawan da za su yanke hukunci, kuma a duk watannin nan bai ce mini uffan ba, ko ta bakin Mama. Sai ana jibi zaman dattawa ta zo da saƙo.

"Baban ku ya ce gani ya kori ji. Ya ce ba ke za ki kaɗa ba. Ki zo da waɗanda kike koya ma, a ga abin da kike koya musu."

Da ni ce zan kaɗa, na san waƙar da zan ja har dattijo ya yi ƙwalla. Amma Sista Asabe? Na ce shi ke nan, tsohon nan ya gama da ni.

Aka zauna a ƙaramin ɗakin da ke jikin majami'a, dattawa a jere, Fasto a tsakiya, Baba a can gefe da sandarsa. Aka yi addu'a. Sista ta ce ita ce babba, ita za ta fara. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ɗora baka ta ja da duk ƙarfinta. Ƙarar da ta fito, ko saniya mai naƙuda ba ta yin irinta. Ta sake ja, ta fi ta farko muni. Ni dai na sunkuyar da kai ina roƙon ƙasa ta tsage. Sai wani tsohon dattijo, wanda kowa ya san ya yi zamaninsa kafin ya tuba, ya ɗaga hannu.

"Fasto, ni na san goge. In wannan ne, to aljanu ba zuwa za su yi ba, gudu za su yi."

Sista ta sauke tabarau.

"Kai, ni na karɓi haihuwan 'ya'yanka takwas, ba wanda ya fito yana waƙa. Kowa da ihu ya fara."

Dariya ta ƙwace wa Fasto, sauran suka bi. Na saci kallon Baba, fuskarsa ba ta motsa ba.

Sai Na'omi. Bencin ya yi mata tudu, ƙafafunta na reto, ga shi celo yana tsaye ne a kan wani tsinken ƙarfe, daɓen kuwa siminti ne mai santsi. A gidan Sista muna soka shi cikin tabarma, a nan babu. Ta fara wata tsohuwar waƙar sujada mai tafiya a hankali, ba ta yi layi ɗaya ba tsinken ya zame, celo ya sulale. Ta jawo shi ta sake, ya sake zamewa. Na ga ta fara tura hannun nan cikin siket. Na yunƙura zan tashi, sai na ji ƙarar sanda. Baba ne. Ya taka har gabanta, ya sa takalminsa ya tokare tsinken, ya juya fuska wajen taga.

"Yi," ya ce mata.

Ta yi. Ba zan ce muku ba ta yi kuskure ba, ta yi biyu, na ji su. Amma waƙar ta fito da murya mai kauri kamar ta namiji mai bes a kwaya, yatsu uku na jan baka a tsanake, ɗaya daga cikin dattawa yana bin kalmomin da leɓe. Baba na tsaye har ta kai ƙarshe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni da na san labarin Dauda na san abin da tsayuwar nan ta ci masa. Da ta gama ya janye ƙafa ya fita, bai jira addu'ar rufewa ba. Fasto ya ce za su yi shawara, za a sanar da ni.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga Baba sosai ba. Yana rumfarsa ta bayan gida tun safe, sai ƙarar zarto da guduma. Shi ke yi wa ikkilisiya akwatin gawa in an yi rashi, amma ban ji an yi rashi ba. Zuciyata ta ce akwati yake haɗawa da za a rufe celo a aika da shi inda ba zan sake ganinsa ba. Na tambayi Mama, ta ce ita ba ta shiga rumfar maza. Na rame a 'yan kwanakin nan, Ishaku babbanku zai iya tunawa, don a lokacin ne na zuba sukari a miyar kuka.

Wata safiya na fito zan share falo, sai na tarar da kujeru uku a jere kusa da piyano, sababbi, ƙamshin katako na tashi. Ba su da hannu, don kada gwiwar hannu ta bugu. Ɗaya gajera, ɗaya mai tudu da faɗi, ɗaya a tsakani. A gabansu wani dogon katako mai huji a jere, da igiya da za a ɗaura shi a ƙafar kujera. Na daɗe ina kallon hujin nan kafin in gane na tsinken celo ne. Mama ta leƙo tana goge hannu.

"Baban ku ya ce a dawo da abin nan gida, kin ishi mutane da akwatin gawa a hanya. Gajeren na yarinyan ne. Mai tudun na Sista ne, saboda gwiwansa. Wannan naki ne, ya ce ki gwada, in bai yi ba a rage ƙafa."

Na zauna. Tafin ƙafata ya sauka a ƙasa daram, gwiwata ta tsaya daidai inda cikin celo ke kwanciya. Tun da na fara kiɗa ina fama da kujerun mutane, ina cusa matashi ko ina ɗage dunduniya, ban taɓa samun wadda ta yi mini haka ba. Mutumin da kullum nake durƙusa masa yana kallon bango, ashe ya san tsawon ƙafata. Na kifa kai a cinya na yi kuka mai isata, Mama na cewa in yi a hankali kada in jiƙa sabon katako.

Ranar Lahadi Fasto ya sanar cewa babu horo, sai dai kada a shigo da celo cikin sujada tukuna. Wannan "tukuna" ta kai har bayan rasuwar Baba, ban kuma yi gardama ba. Yara suka dawo, ba duka ba, akwai gidajen da har yau suke kirana mai goge. Kuma kada ku ɗauka Baba ya koma son abin. Bai taɓa zama ya saurara ba ko sau ɗaya. Da ya ga Na'omi ta shigo zai ɗauki fartanya ya tafi gonarsa ta bayan layin dogo, ko da rana ta take, ko ba abin nomewa, sai an gama ya dawo. Tsoho ya bar mana gidansa don yarinyar da ba jininsa ba ta koyi abin da shi ba ya iya ji. Ranar da na durƙusa na yi masa godiya baki da baki, karo na farko da na karya al'ada, bango ya kalla ya ce katakon ragowa ne.

Sista Asabe ta rasu ba ta taɓa yarda "fa" ya fi "mi" ba. Na'omi kun san ta, ita ce ke koyar da jikokin waɗanda suka janye 'ya'yansu. Saboda haka, Hannatu, in Ubangiji ya kira ni ku raba atamfofin yadda kuka ga dama, ba ruwana. Gajerar kujera da mai tudun da katakon mai huji a kai wa Na'omi, tana da yara tana da tsofaffi. Ta tsakiyar kuwa ku bar ta inda take, kusa da piyano. Ba za ta yi wa kowa daidai ba, ni aka auna.